Tanka ta Huɗu a Kan Gada

Yayana mutum ne da in ka gaishe shi da safe, da nauyin tankar yaƙi zai amsa maka. Ka ce, "Yaya, an tashi lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau. Tan ashirin da shida fa, ban da mai da harsasai." Sai ka tsaya kana laluben inda zancen ya faro, alhali tun shekaranjiya ya faro, kai ne ka tashi ka tafi gida a tsakiyarsa.

A layinmu Katafila ake kiransa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa katafila a wani kamfanin gina hanyoyi, har tafiyarsa ta koma irin tata: a hankali, ba ya kauce wa kowa, kuma in zai waiwaya sai duk jikin ya juya tare. Ni ƙaninsa ne, shekara tara tsakaninmu. Koyar da tuƙin mota nake yi, ana ce min Rediyo, wai ba na shiru. Sharri ne, ina yin shiru in ina shan ruwa.

Yanzu janareto yake gyarawa a wani ɗan shago a bakin titi, wanda in ya ware hannuwansa zai taɓa bango biyu. Hannunsa na da albarka, injin da kowa ya fid da rai da shi yakan tashi a wurinsa. Sai dai mai janareto ba ya ɗaukar kayansa sai kunnensa ya sha labari.

Shekara huɗu da suka wuce babbar 'yarsa ta sayi sabuwar kwamfuta, ta bar masa tsohuwar don ya riƙa kallon hotunan jikoki. Jikokin sun samu mako guda. Daga nan ya ci karo da wani wasan yaƙin tankoki, shi ke nan muka rasa shi. Taswira ce aka yanka gida-gida kamar saƙar zuma, kowane gida da irin ƙasarsa, wani tudu, wani fadama, wani kwalta. Ka matsa da tankokinka, ka danna, abokin gaba ya matsa da nasa. Wannan shi ne zagaye ɗaya. Amma abin da ya tafi da hankalin Yaya shi ne wasan yana barin mutum ya gina nasa fagen: ka ɗauko wani karo da aka taɓa yi a tarihi, ka zana ƙasar, ka ajiye kowace tanka inda ta tsaya a ranar, ka sa sa'a da yanayi, wasu su sauke su buga. Akwai wani dandali a intanet, galibi dattawa ne masu ciwon baya irinsa, duk shekara sukan zaɓi fage ashirin su haɗa kundi. Mai tacewar ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, hoton kyanwa ya sa a madadin nasa. Yaya yana ce masa Alƙali.

Karon da Yaya ya maƙale wa ba wani babba ba ne. Faɗan rabin yini ne a wata ƙasa mai nisa, tun ba a haifi babanmu ba, wanda littafin da ya samo ya ba shi layi uku kacal. Wani kyaftin ne mai tankoki goma sha bakwai aka umarce shi ya isa wata tashar jirgin ƙasa kafin tsakar rana. Kogi ne a gabansa, hanya biyu ce. Ko ya zaga ta wani mashigi mai laka, tafiyar awa uku, ko ya bi ta wata tsohuwar gadar katako da ke gaban hancinsa. Ya bi ta gada. Tanka ta ɗaya ta haye, ta biyu ta haye, ta uku ta haye, ta huɗu ta rufta da gadar cikin ruwa. Ukun da suka haye suka rasa hanyar dawowa, sauran suka yi jerin gwano a siririyar hanya ba wurin juyawa, ga manyan bindigogi ɓoye a wata gonar itatuwa a tsallake. Cikin awa guda aka gama da su. Layi na uku a littafin ya ce gangancin kyaftin ne ya jawo.

Wannan kalmar ce ta shaƙe Yaya. Shekara goma sha huɗu ke nan, suna aikin wata hanya, Manaja ya kira shi ta oba-oba, 'yar rediyon magana da ke cikin injin, ya ce ya kai katafila ɗaya ɓangaren kafin manyan baƙi su iso duba aiki. Akwai sabon kwalbati a tsakani, kwana tara da zuba simintinsa. Zagayawa awa uku ce. Yaya ya hau kwalbatin, kwalbatin ya buɗe baki ya haɗiye gaban injin. Ya fito da karaya a kafaɗa, ya yi wata biyu a kwance, ya tashi ya tarar da takardar sallama mai layi uku. Ita ma layinta na uku ganganci ta ce. Tun daga ranar maganarsa ɗaya ce a gaban kowa: "Ban sani ba. Ba wanda ya gaya min simintin bai kama ba. Duk wanda ke kan kujerar nan abin da zai yi ke nan."

To abin da yake so fagensa ya nuna ke nan. Ya ɓoye ƙarfin gadar, ba a rubuta ko'ina tan nawa take ɗauka ba. Burinsa fagen ya shiga kundi, ɗaruruwan mutane su zauna a kujerar kyaftin, kowa ya bi ta gada ya ji a jikinsa, a daina kiran bawan Allah mai ganganci. Bai taɓa cewa har da nasa sunan yake wankewa ba. Mu ma ba mu taɓa ce masa ba, muna son zaman lafiya.

Shekarar farko Alƙali ya mayar masa da fagen. Yaya ya zana kowane rami da kowane kututture, har kwamfutar mutane kan yi nishi minti biyar kafin ta buɗe taswirar. Shekara ta biyu ya rage ramukan, amma jinin kanikanci ya motsa. Ya ce tun da aka fara narka ƙarfe ba a taɓa tara inji goma sha bakwai duk suna lafiya a rana ɗaya ba, saboda haka ya sa biyar su fara wasan a lalace, wannan sarƙarta ta zame, waccan injinta ya yi zafi. Alƙali ya rubuto cewa mutane yaƙi suke zuwa yi, ba koyon aiki a gareji ba. Yaya ya karanta mana amsar nan ya fi sau ɗari, kowane karo da muryar da ya ƙaga wa Alƙali, siririya mai fita ta hanci, daidai da kyanwa.

Bana ya gyara duk wannan. Alƙali ya ce fagen ya yi kyau, saura sharaɗi ɗaya. Tunda Yaya ya rubuta a gabatarwa cewa duk mai hankali gadar zai bi, to ya haɗo da rikodin wasan baƙon ido, wato mutumin da bai taɓa jin labarin karon ba, a gan shi ya hau gadar da kansa. Ranar Litinin ta ƙarshen wata za a rufe karɓa. Kuma a dokarsu, fagen da aka mayar sau uku ba a sake duba shi.

A nan muka gane irin ɓarnar da bakin Yaya ya yi cikin shekara uku.

Ni aka fara zaunarwa. Da na kai mararraba sai na karya kwana na nufi mashigi.

"Ina za ka?" in ji Yaya.

"Mashigi."

"Ga gada a gabanka."

"Yaya, gadar nan na san ta fiye da matakalar gidana. Na san katakon da zai fara kuka."

"To ka manta."

"In manta? Ranar da aka cire min haƙori ma a ɗakin jira ka ba ni labarin, bakina cike da auduga ban iya cewa ya isa ba."

Aka kira mai askin layinmu. Ya zauna, ya leƙa allon, ya ce, "A'a, ashe ita ce wannan. Ina gonar da bindigogin suke?" Aka kira mai faci. Shi ko zama bai yi ba, daga bakin ƙofa ya ce, "Goma sha bakwai ɗin ne duka, ko biyar na gareji har yanzu?" Akwai wata malamar makaranta mai ritaya da nake koya wa tuƙi, na ce wannan kam daga wata unguwa take. Ashe ta taɓa kai masa janareto gyara.

Sai na tuna da wani abokin aikina a can ƙarshen gari, sabon zuwa, ko janareto ba shi da shi. Tun a waya na ja wa Yaya kunne.

"Yaya, sannu da zuwa kawai za ka ce masa. Ko harafi kada ka ƙara."

"Ni za ka koya wa riƙe baki? Kai?"

Ya yi ƙoƙari, in ba shi haƙƙinsa. Minti huɗu cur ya riƙe. Ya jawo wa baƙon kujera, ya kakkaɓe ta, ya miƙa masa maus da hannu biyu. Sannan ya sunkuya kusa da kunnensa ya ce, "Malam, ka yi wasanka yadda ranka ke so. Wannan gadar da kake gani, kada ka sa ta a ranka ko kaɗan."

Abokina ya kalle ni, ya kalli gadar, ya nufi mashigi. Awa guda na yi cikin cunkoso ina mayar da shi gida, yana tambayata ko Yaya yana shan maganinsa a kan lokaci.

Ranar Juma'a da yamma, saura kwana uku, muna zaune a falonsa. Yaya ya yi tagumi da hannu biyu, ni ina lissafa mutanen garin da ba su da kunne. Matarsa, wadda nake ce wa Anti, tana gefe tana guge fararen kayan aikinta. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti, shekararsu talatin da ɗaya da aure.

"Wai me ya same ku ne," in ji ta, "kuka yi jugum kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar ƙwallo?"

"Gadar nan ce, Anti."

"Wace gada?"

Yaya ya ɗago kai a hankali, da kafaɗu da komai.

"Gadar kyaftin, Maman yara. Wadda nake ba ki labari kullum."

"Au. To. Ikon Allah," in ji ta, ta juya rigar ta ci gaba da guga.

Nan take na gano. Shekara uku tana ba shi "to" da "ikon Allah" da "haka ne" bi da bi, yadda take raba wa marasa lafiya ƙwayoyi, kunnenta kuwa yana wata duniya. Na matso na yi mata jarrabawa.

"Anti, tankoki nawa ne?"

"Da yawa."

"Wa ya ci?"

"Waɗanda suka fi ƙarfi, ina ji."

Fuskar Yaya ta rabu biyu, rabi na murna, rabi na neman rigima.

"Wato shekara uku da bango nake magana?"

"Bango ba ya cewa ikon Allah," in ji Anti.

Ta yarda za ta buga, amma da sharaɗi. Gobe Asabar tana da aiki ƙarfe biyu, za ta ba mu awa ɗaya, ɗaya da rabi na yi za ta fita ko yaƙi ya ƙare ko bai ƙare ba.

Sha biyu da rabi na zaunar da ita gaban kwamfutar. Yaya kuwa na kai shi bakin ƙofar kicin na ɗora shi a kan kujera 'yar tsuguno, na ba shi kofin shayi, na ce in magana ta taso masa ya ciji cokali. Na kunna rikodi. Na nuna wa Anti yadda ake zaɓar tanka da yadda ake tura ta. Minti biyar ta iya, abin da malamar nan mai ritaya ta kasa yi da giyar mota cikin wata biyu. Ta sa tabarau ta karanta umarnin da ƙarfi: a isa tasha kafin tsakar rana.

"In ba a isa ba fa?"

"Za a rage miki maki."

"Maki," in ji ta. "To."

Ta jera tankokinta tsaf kamar gadajen ɗakin marasa lafiya, ta kama hanya. A zagaye na biyar ta iso mararraba. Na ji cokali ya yi ƙara a haƙoran Yaya. Anti ta matso da fuskarta kusa da allon, ta daɗe tana kallon ɗan siririn layin nan mai ruwan ƙasa da ya ratsa kogin.

"Rediyo, wannan katako ne?"

"Haka aka rubuta."

"Wa ya shiga ƙarƙashinta ya duba?"

"Ba kowa."

"To ba da ni ba. Tun muna sabon aure yayanka ke cewa ba a ɗora inji a kan abin da ba ka sauka ka taka da ƙafarka ba."

Cokali ya faɗi a ƙasa.

"Ashe da can kina saurarena," in ji Yaya.

"Lokacin labaranka gajeru ne."

"Yaya, cokali," na ce.

Ta juya tankokin goma sha bakwai ta nufi mashigi. Na leƙa Yaya, ya sunkuyar da kai yana kallon cikin kofin. Baƙon ido na ƙarshe a garin nan, a gidansa, ita ma ta guje wa gadar, kuma da dokarsa ta guje mata.

Hanyar mashigin kuwa Yaya bai yi mata da wasa ba. Laka ya zuba mata irin ta mutumin da ya san laka. Kowane zagaye gida ɗaya tankokin ke matsawa, sai Anti ta bi su ɗaya bayan ɗaya, goma sha bakwai, ta danna, ta jira, ta sake. Tana zagaye na bakwai wayarta ta yi ƙara. Shugabarsu ce. Daga inda nake ina jin muryar: mai aikin safe ta tafi gida ba lafiya, an kawo mutum uku lokaci ɗaya, a zo yanzu.

"Ga ni nan, ranki ya daɗe. Yanzun nan."

Ta ajiye, ta tura tanka huɗu, wayar ta sake.

"Ina hanya, ranki ya daɗe. Eh. Na fito."

Ta fara laluben takalminta da ƙafa a ƙarƙashin tebur, hannunta na kan maus. Na ce, "Anti, in kika tashi a tsakiya rikodin bai da amfani, sai an kai ƙarshe." Ta harare ni ta saman tabarau. Kira na uku ba ta ɗauka ba. Wayar ta yi ta rawa a kan tebur tana jan ciki zuwa baki, sai da na tare ta da hannu.

"Ta nan saura zagaye nawa?" in ji ta.

"Goma sha huɗu."

"Ta gadar fa?"

"In kin koma, biyar."

Ta juya su duka, ta dawo mararraba, ta ɗora su a kan gada. Ta ɗaya ta haye. Ta biyu ta haye. Yaya ya miƙe tsaye da kofi a hannu. Ta uku ta haye. Ta huɗu tana tsakiya kwamfutar ta yi wata ƙara kamar an taka kwandon kara, layin nan mai ruwan ƙasa ya ɓace, tankar ta ɓace da shi. Sai gonar itatuwa ta fara tartsatsi. Minti shida aka yi, allon ya cika da ɗan baƙin hayaƙi a jere a kan hanya, kamar yadda Yaya ya zana mana a bayan takardun shago sau ba adadi.

Anti ta riga ta rataya jaka. Yaya ya tare ƙofa, shayi na zuba a kan yatsunsa bai ji ba.

"Kin gani, Maman yara? Kin gani? Ba ki sani ba, ko? Ba yadda za a yi mutum ya sani."

"Na sani mana," in ji ta tana gyara mayafi. "Kowa ya kalli gadar nan ya san ba za ta ɗauka ba. Ai na faɗa tun farko. Kirana ake ta yi. Matsa min, Baban yara, na makara."

Ya matsa, ta fita.

Ni dai na adana rikodin a wuri uku. Rikodi motsin tankoki kawai yake ɗauka, ba ya ɗaukar murya. Abin da Alƙali zai gani shi ne baƙon ido ya yi tunani, ya gwada laka, ya dawo ya hau gada. Ko mu muka tsara ba zai fi haka kyau ba. Na buɗe saƙo na fara rubuta gaisuwa ga kyanwa.

"Dakata," in ji Yaya.

Ya koma kan 'yar kujerar ya zauna, ya ajiye kofin a ƙasa tsakanin ƙafafunsa.

"Ranar nan na sauka."

"Wace rana?"

"Ranar kwalbati. Na tsayar da injin na sauka na shiga ƙarƙashi. Na karce simintin da makullin mota, ya biyo makullin kamar danshin bango. Ina ƙarƙashi ina jin oba-oba a sama tana kiran sunana. Sau uku. Na hau na ja."

Shekara goma sha huɗu na ji "ban sani ba" a gaban maƙwabta, a gaban surukai, a gaban likitan ƙashi. Ni kaina na faɗa wa mutane a madadinsa, har na kusa dambe da wani direban tifa a kai.

"Kyaftin ma ya sani," in ji shi.

"Littafin bai ce haka ba, Yaya."

"Littafin layi uku ne. Mutumin da ya yi shekaru a kan inji mai sarƙa, ya ga katako, ya san nauyin abin da ke ƙarƙashinsa? Ya sani. Akwai wanda ke kiransa."

"To ya sani, Allah ya ji ƙansa. Mu dai ga rikodi. In tura?"

"Gabatarwar ta ce bai sani ba. Na ɓoye ƙarfin gadar. Duk fagen a kan ƙarya na gina shi."

"Alƙali bai san haka ba."

"Ni na sani."

"Yaya, wannan sanin naka shi ke jawo mana wahala tun shekara goma sha huɗu. Na kawo mai aski, na kawo mai faci, na ƙona mai zuwa ƙarshen gari. Yau an samu abin da ake nema, danna ɗaya ya rage."

Ya miƙa hannu ya rufe kwamfutar a kan yatsuna.

Ranar Lahadi bai buɗe shago ba. Ya goge gabatarwar, ya rubuta ƙarfin gadar ɓaro-ɓaro a kan taswira, tan goma sha biyu, kowa ya gani. Sannan ya shiga neman abin da zai sa mutum ya gani kuma ya hau. Ya rage zagayen da aka bayar, na buga, na bi ta mashigi na makara. Ya ninka makin da ake ragewa sau goma, na sake bi ta mashigi.

"Ba ka ga maki nawa ka rasa ba?"

"Na gani. Gobe ma zan ci abinci."

Ya bincike duk jerin abubuwan da wasan ke bari a sa. Akwai ruwan sama, akwai hazo, akwai ƙarancin mai, akwai gajiyar sojoji, har da lalacewar oba-oba akwai. Oba-oba mai aiki, wadda ke kiran sunanka sau uku kana ƙarƙashin kwalbati, ita ce babu.

Ranar Litinin da safe na je shagonsa na yi roƙo na ƙarshe, na ce tsohon fagen da rikodin Anti suna nan a wayata, abin da nake jira kawai ya ce min "tura". Yana kwance kaburetar wani janareto, bai ɗago ba. Maimakon haka ya rubuta wa Alƙali da kansa, yana tambaya ko akwai hanyar da za a sa wayar mai wasa ta riƙa ƙara tun daga zagaye na bakwai, da muryar wanda zai iya korarsa daga aiki. Amsa ta zo washegari, layi uku. Babu irin wannan hanyar. An rufe karɓa jiya. Tunda ba a kawo rikodi ba, an lissafa fagen a matsayin wanda aka mayar karo na uku.

Yaya bai karanta mana wannan da muryar kyanwa ba. Da muryarsa ya karanta, sau ɗaya.

Kundin ya fito bayan wata biyu, fage ashirin, ba gada ko ɗaya a ciki. Na yi zaton shi ke nan za mu huta, jikoki su dawo kan allo. Ina. Asabar da ta wuce ya sake kiran mai aski ya zaunar da shi, ya ce ni in tsaya a bayansa in yi Manaja, tunda sana'ata ce tsawa a kunnen mai tuƙi. Na yi iyakar ƙoƙarina. Na buga tebur, na kira sunansa sau uku, na ce baƙi sun iso, na ce wallahi in bai haye ba ya tattara kayansa. Mai aski ya saurare ni har na gama, ya ce, "Rediyo, shagon nawa ne, almakashin nawa ne, daga ina za ka kore ni?" Ya karya kwana ya nufi mashigi, yana fito.

Yaya ya dube ni ya ce muryata ce ba ta da nauyi.

Jiya da safe na biya ta shagonsa. Na ce, "Yaya, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Wannan abokin aikin naka na ƙarshen gari, wa ke sama da shi a wurinku?"

"Ni."

Ya ajiye sifana, ya juyo da duk jikinsa.

"To ka ɗauko shi ranar Asabar."